Wasiƙar Sirrin da Mutum Ɗari Huɗu Suka Karanta

Shekara talatin da huɗu Fanuris Zikos ya yi yana raba wasiƙu a Melisari da ƙauyuka biyar na bayan dutse, da farko a kan alfadari, daga baya a kan wani babur da ake jin tarinsa tun daga gada. A duk shekarun nan bai taɓa buɗe ambulan ɗin kowa ba. Ni shaida ne, don ni ne wanzamin garin, kuma na sha lallaɓa shi da aska a maƙogwaronsa ko zai gaya mini abin da ke cikin wasiƙar wance, ban taɓa samun ko kalma ba. Iyakarsa ya auna ambulan a tafin hannu ya ce wannan ta albishir ce, wannan ta kuka ce. Maganarsa ɗaya ce, ko ƙanƙara ta rufe hanya: saƙo ba ya kwana a jaka.

A zamanin nan rabin garinmu yana Jamus, wasu suna Ostareliya, mu da muka rage muna zaman jiran Fanuris. Kowane gida da kofin gahawarsa a ajiye. Ranar sunansa kuwa, ashirin da bakwai ga Agusta, ranar Waliyyi Fanuriyos, ƙofar gidansa ba ta rufuwa daga safe har yamma, har daga ƙauyukan bayan dutse ake zuwa yi masa fatan shekaru masu yawa.

Matarsa Argiro ita ke raba wa baƙin nan alewa, kuma da yawansu ba su san sunanta ba, matar mai wasiƙa suke cewa. Mace ce da za ka wuni a gidanta ba ka ji ta haɗa magana uku ba. Ni na san su ciki da waje, don ni ne kumbaronsu, wato babban abokin ango, ni na sauya musu kambin aure a kai ranar ɗaurin aurensu, shekara arba'in da takwas ke nan.

Da ya yi ritaya, ba a jima ba aka rufe gidan wayar gaba ɗaya. Ya rataye jakarsa ta fata a bayan ƙofa, ya dawo shagon gahawa na dandali muna buga tabli, wasan allo da ake jefa ƙwaya, yana jan 'yan duwatsun carbinsa na wasa, yana ba da labarin ƙanƙarar da ta taɓa kai masa ƙugu. Mun ji labarin nan ya fi sau dubu. Ranar sunansa ta bara mutum tara suka zo, har da ni da fada, limamin cocinmu.

Ana nan sai 'yarsu Despina ta zo hutu daga Jamus, ta kawo wa uwarta wata waya mai faɗi, wadda Fanuris ya raɗa wa suna tire. Niyyar yarinyar uwar ta riƙa ganin jikoki. Amma kafin damina ta zagayo Argiro ta buɗe zaure a Fesbuk mai suna 'Yan Melisari na Ko'ina, mutum ɗari huɗu da goma sha biyu suka shiga. Ashe matar nan ba rashin magana gare ta ba, fili ne ba ta samu ba. Wani ya rubuto daga Munik a ɗaukar masa hoton ƙofar gidan ubansa, wata ta ce a duba mata ko ɓauren tsakar gidansu yana raye. Daga nan aka kai ga makabarta. Kowa ya san kabarin da fitilarsa ta mutu kabarin wanda aka manta ne, kuma 'ya'yan da ke wata duniya ba su da hannun da zai kai. Argiro ta rubuta sunaye goma sha ɗaya a bayan kalandar kicin. Kullum da la'asar sakaliya sai ta hau tudu da kwalbar man zaitun da lagwani, ta kunna, ta ɗauki hoto, ta aika.

Tagar ɗakina tana kallon tudun. Matata Harikliya tana can a kusurwar gabas shekara shida. Gwiwata ba ta son hawa, haka nake gaya wa mutane. Da magariba nakan hango fitilarta tana ci, na ɗauka matar fada ce ke kunna wa kowa.

An ce kishi kumallon mata. Wanda ya faɗi haka bai ga Fanuris ba ranar da wani ɗan garin ya sauko daga motar haya a dandali, ya wuce shi kamar bai gan shi ba, yana tambaya ina gidan Kira Argiro, wato Uwargida Argiro. Da aka nuna masa Fanuris sai ya kira shi barba, wato baffa, ya ce, "Au, kai ne mijinta? Ka yi dace, barba!"

Fanuris ya bi shi da ido har ya sha kwana. "Uwar yaron nan," ya ce da ni, "sau nawa na karanta mata wasiƙar ubansa tana share hawaye da gefen zane? Yau ni ne mijin wance."

"Zamani riga ne, kumbare," na ce. "Jefa ƙwayarka."

Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar ƙayar ita ce Telis. Telis ɗan Kira Uraniya ya nemi auren Argiro tana budurwa, ubanta ya ce ba zai ba wa mai shiga jirgin ruwa 'yarsa ba, ya tafi Melbon ta Ostareliya bai sake dawowa ba. Yanzu tsoho ne mai sanƙo, matarsa ta rasu, kuma sunan uwarsa shi ne na bakwai a bayan kalanda. Kullum da safe zai aiko hoton furanni da barka da asuba. Duk abin da Argiro ta sa, alamar jar zuciya da ya danna ce ta farko a ƙarƙashi, saboda lokacin da muke barci su can rana tsaka ce kuma ba shi da aikin yi.

Ta yaya Fanuris ya san wannan, shi da ko kunna tiren bai iya ba? To, nan ne nawa laifin, kuma zan faɗe shi. Ni ke karanta masa. Ina da 'yar wayata, ina cikin zauren, ko da yake duk abin da na sa mutum biyu ke kula shi, ɗaya ma ɗana ne. Kullum sai na sa tabarau a shagon gahawa na karanta da ƙarfi, ina jan murya kamar mai rera waƙa.

"Saurara, kumbare. 'Argiro, hannunki na zinariya ne, Allah ya bar mana ke.' Zuciya uku."

"Uku?"

"Jiya biyu ce. Abin gaba yake yi."

Mutanen shagon su fashe da dariya, Fanuris ya yi ta juya carbinsa har yana ƙara. Nakan ce wa kaina wasa ne. Ba wasa ba ne. Ina ƙyashinsa. Mutumin nan zai tashi daga tebur yana huci, ya tafi gida ya tarar da wake da man zaitun a kan wuta da mace a kicin wadda zai yi wa fushi. Ni in na tashi, talabijin nake tararwa. Sai na ga in har ba ni da abin da yake da shi, to shi ma kada ya ci nasa da daɗi.

Ranar biyar ga Agusta Argiro ta sa hoton fitilar Kira Uraniya, Telis ya rubuta a ƙasa cewa har yau idan ya rufe ido yana ganin Argiro tana jan rawa a dandali, shekarar da ya tafi, da farin hankici a hannu. Na karanta masa wannan sau biyu. Ya jira sai da shagon ya watse, sannan ya matso da kujera.

"Lambro, nuna mini inda ake danna abin nan ya farka."

Na nuna masa a tawa.

"Wannan ɗan akwatin da ke ƙarƙashin sunansa, in na yi rubutu a ciki, zai same shi?"

"Zai same shi," na ce.

Ban yi ƙarya ba. Amma na san abin da ke kansa. A wurin Fanuris duk takardar da aka rubuta wa suna a goshi ta mai sunan ce shi kaɗai, haka duniya take tun yana saurayi. Kalma huɗu ce za ta raba shi da kunya, "kowa ma zai gani", na haɗiye su.

Washegari da safe mata suka tafi coci da kwandunan inabi don a sa musu albarka. Fanuris ya ce bayansa na ciwo. Ya zauna a teburin kicin da tiren Argiro, da yatsa ɗaya ya yi awa biyu yana rubutu. Ƙarfe goma sha ɗaya wayata ta yi ƙara, na duba, sai ga hoton Argiro, ga kuma wannan a gefensa:

"Melisari, shida ga Agusta. Zuwa ga Kir Telis, Melbon. Bayan gaisuwa, ni ne Fanuris Zikos, mijin matar da kake aiko wa furanni. Ban manta ba. Da ka tafi ta yi sati ba ta ci abinci ba, gari duk bai sani ba, ni na sani. Wasiƙunka huɗu ni na kai mata da hannuna, ban buɗe ko ɗaya ba, kuma na san suna nan har yau a ƙasan akwatin kayan aurenta, ɗaure da shuɗin zare. Shekara arba'in da takwas ban tambaye ta ba. Ka bar mini matata, ita kaɗai ta rage mini. Wannan wasiƙa sirri ce tsakanina da kai. Ka huta lafiya."

Na yi niyyar dariya, sai na ga da gaske a tsakiyar zaure ya sa ta, a gaban kowa. Kafin a tashi daga coci mutum ɗari da sittin sun gani. Magana zarar bunu ce. Ko da Despina ta goge ta daga Jamus da yamma, an riga an ɗauke ta hoto ana turawa daga Munik zuwa Toronto.

Argiro ta ji labarin a bakin ƙofar coci, daga bakin matan da suka yi shiru da ganinta. Ta zo gida ta karanta a tsaye. Ba ta yi ihu ba, ba ta fasa faranti ba. Ta kashe tiren, ta sa shi a akwatin nan da ya ambata, ta kulle. Daga ranar ba ta sake ce masa uffan ba. Za ta dafa, ta ajiye masa a tebur, ta ɗauki nata ta tafi ƙarƙashin inabi. Ta daina hawa tudu, ta daina fita ko sayen burodi. A kwana na uku ta kira Despina a wayar gida, yana zaune yana ji, ta ce a yankar mata tikitin jirgi na ashirin da tara ga wata. A Melisari mun san wannan tafiyar. Tsohuwar da ta bi 'ya'yanta Jamus gab da sanyi, a akwati take dawowa.

Bikin tsakiyar Agusta ya zo, 'yan ci-rani suka cika dandali. Duk wanda ya wuce teburinmu sai ya sunkuyo ya ce, "Barba Fanuri, ina da magana, amma sirri ce tsakanina da kai!" Har mai shagon in ya kawo gahawa sai ya ce sukarin sirri ne. Fanuris sai dai ya juya carbinsa. Ya rame, gemunsa ya fito, ni kuma ban ce ya zo in aske masa ba, don ba na iya kallon idonsa a madubi.

Sau ɗaya ya ce da ni, "Shekara talatin da huɗu ban tona asirin bare ba, Lambro. Na tashi tonawa sai na matata."

Na kau da kai, don nawa asirin nake tsoro. Wanzami ba ya son jarfa.

Wata la'asar na hango shi ta taga yana hawa tudun makabarta da tsohuwar jakarsa ta fata a kafaɗa da kalandar kicin a naɗe a hannu. Da na tambaye shi washegari sai ya ɗaure fuska.

"Mutum goma sha ɗaya aka yi wa alkawari. Saƙo ne, ba ya kwana a jaka."

"Har na bakwai ɗin?"

"Ita nake bari ƙarshe. Ina kunnawa ina gaya mata irin ɗan da ta haifa."

Kullum haka ya riƙa yi, ba hoto, ba wanda ya gaya wa. Ni kuwa na rufe tagar nan na daina buɗe ta, don ganinsa yana hawa da wannan jakar yana hana ni cin abinci.

Ranar jajiberin sunansa ya buga mini ƙofa da sassafe, da gari a gaban rigarsa.

"Kirfa kake da ita?"

"Me za ka yi da kirfa?"

"Fanuropita."

Na dube shi. Wannan kek ɗin mata ke toyawa su kai coci idan sun ɓatar da zobe ko makulli, don Waliyyi Fanuriyos ya bayyana musu abin da ya ɓace. A rayuwata ban taɓa ganin namiji ya ɗauki farantin kek ɗin nan ba. Muka shiga kicina mu biyu muna gardama ko kayan haɗin bakwai ne ko tara. Muka tsaya a bakwai, don iyakar abin da muka samu ke nan: gari, sukari, man zaitun, ruwan lemo, zabibi, kirfa da hodar tashi. Ya ce a tandar gidansa zai gasa, don ta ji ƙanshi. Abin da ta ji ƙauri ne.

Ranar ashirin da bakwai ya aske gemunsa da kansa, duk ya yanke haɓa, ya sa hular aikinsa wadda asu ya ci gefenta. Ya shiga coci ya ajiye nasa a tsakiyar na mata wajen talatin, kowanne fari tas da garin sukari, nasa kamar an ciro shi daga toka. Argiro tana can layin gaba, karo na farko da ta fito cikin sati uku, ba ta waiwayo ba. Da fada ya gama addu'a aka fito farfajiya, mata suka yi masa caa.

"Me ka ɓatar, Kir Fanuri? Tabarau ko hankali?"

"Kun san abin da na ɓatar," ya ce. "Ku ɗari huɗu kuka karanta."

Ba wadda ta sake dariya. Al'ada ta ce a raba wa mata bakwai, kowacce mai aure ɗaya. Ya yanka, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kiran cikakken suna kamar mai raba wasiƙar da ake sa wa hannu. Shida suka karɓa. Ya tsaya gaban ta bakwai da yankan a hannu.

"Argiro Ziku," ya ce, yadda ake rubuta sunan matar Zikos a ambulan.

Ta daɗe tana kallon abin. Sannan ta karɓa, ta juya ƙasansa.

"Ya ƙone."

"Wuta ta yi yawa."

"Sau nawa zan gaya maka tandar nan maƙaryaciya ce?" Ta gutsura, ta tauna, ta yamutsa fuska. "Kuma wa ya koya maka yanke lagwani? Fitilar Kira Uraniya hayaƙi take yi, ka baƙanta mata gilashi."

Fanuris ya waiwaya ya dubi tudun. Ashe tana hangen tudun daga ƙarƙashin inabinta.

"Wasiƙun nan huɗu," ta ce, a gaban kowa, da muryar da ban san tana da ita ba, "da ka tambaya da na ba ka ka karanta tuntuni. Uku labarin zafin Melbon ne da ciwon haƙori. Ta huɗu katin gayyatar aurensa ne. Na ajiye su ne don hannunka ne ya kawo, wawan Allah. Tsaya nan, gyara hular."

Ta buɗe jakarta ta ciro tiren, ta ɗauke shi hoto da ƙonannen kek a hannu da haɓa duk yanka. Kafin mu ƙarasa dandali an fara yi masa fatan shekaru masu yawa daga ƙasashe shida. Zuciyar farko daga Melbon ta zo. Ya leƙa ta kafaɗarta.

"Nawa ke nan?"

"Ɗari da arba'in."

"Ke ranar sunanki nawa kika samu?"

"Ɗari biyu da tara."

"Da sauran rana," ya ce.

Ina biye da su ina dariya, ƙyashi kuwa yana cina, don ta saƙala hannunta a nasa kamar ba ita ce ta yi sati uku ba ta kalle shi ba. A bakin famfo ta ce masa ya yi gaba ya buɗe ƙofa, baƙi za su zo, kuma ya kira Despina ya ce ta soke tikitin. Da ya yi nisa sai ta juyo gare ni.

"Kumbare."

"Kumbara."

"Mijina bai san inda ake kunna abin nan ba. Wani ya nuna masa."

Na ce gwiwata na damuna, bari in zauna.

"Zauna. Ba zan gaya masa ba, yana ganinka da gashi." Ta gyara jakarta a kafaɗa. "Shi sunayen da ke kan kalanda ya bi, ka san shi da adireshi. Harikliya ba ta kan kalanda, don ba wanda ya taɓa roƙona. Shekara shida ina kunna mata. Yau kwana ashirin da ɗaya tana cikin duhu, kuma ni na gama. Kwalbar mai tana bayan dutsen kanta, ashana ka zo da taka."

Ta tafi. Daga inda nake zaune ina jiyo Fanuris yana buɗe ƙofar gidansa duka ɓangare biyu, yana kiranta ta zo ta nuna masa inda ta ɓoye alewa.

Da la'asar na hau tudun. Taku ɗari uku da 'yan kai ne daga ƙofata, gwiwar kuma ba ta ce komai ba. Fitilu goma sha ɗaya suna ci, duk da hayaƙi. Na sami kwalbar a inda ta ce. Gilashin Harikliya ya cika da matattun ƙwari, sai da na wanke shi da gefen rigata kafin lagwanin ya yarda ya kama.